Mu da muke gefen gari, ba ƙauye ba birni ba, me kansila zai iya yi mana?

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban so in ba ka amsar tsaye ba shi yasa na bari sai da na samu zama. Kace ka sayi fili a gefen gari kayi gini ka tare da iyalinka, wurin shi ba ƙauye ba shi ba birni ba, damina in ta sauka ruwa har cikin ɗaki, firamare ta yi wa yara nisa, tiransifoma ta ƙone an rasa mai kawo wata, kansilanku kuma in ka kira shi baya ɗauka. Shine kake tambaya wai shin menene ma aikin kansila tukunna, kuma ni da na taɓa riƙe kujerar a irin wannan mazaɓa wace matsala na ga ta fi kowacce girma.

Bari in fara da ta biyun dan ita ce ta fi ci min rai. Fili ne. Lokacin da na shiga ofis na ɗauka rashin kuɗi ne babbar matsalarmu, in an samu kuɗi komai zai gyaru, sai da na yi damina biyu a kan kujerar na gane cewa akwai abin da ko an kawo maka kuɗin a buhu bazaka iya gyarawa ba, dan wurin da za a yi aikin an riga an sayar da shi an yi gini a kai. Ruwan da ke shigar maka ɗaki, da makarantar da ta yi nisa, har da rigimar inda za a dasa tiransifoma, kusan duk uwarsu ɗaya.

Ka san yadda unguwa irin taku take tashi. Gona ce ta gado, mai ita ya rasu, magada sun yi yawa kuma gari ya matso, noma ya daina biyansu kamar yadda sayarwa zata biya, sai a kira dillali ya zo da igiya da turaku a yi abin da muke cewa awon igiya. Shi dillali da magada burinsu ɗaya, a fitar da fuloti mafi yawa daga gonar, dan haka hanyar da ya kamata mota biyu su wuce juna sai a bar mata abin da kura ɗaya zata ratsa da ƙyar, kuma babu wanda zai ce a ware nan saboda makaranta, nan asibiti, nan maƙabarta, nan juji, dan duk taku ɗaya da aka ware kuɗi ne ya fita daga aljihun wani. Maƙwabcin gona shima ya yanka tasa da nasa lissafin, sai ka ga layin wannan ya zo ya ci karo da katangar wancan, hanya ta mutu a nan. Mafi muni kuma shine hanyar ruwa. Duk manomin wurin ya san inda ruwa ke bi, ya san kwarin da baya shukawa sai dai ya bar wa ciyawa, ya san kududdufin da ke shanye ruwan yankin gaba ɗaya, amma da rani ake sayar da fili, ƙasa a bushe fes, baƙo ya zo ya gani ya biya.

Akwai safiyar da bana mantawa. An kwana ana ruwa, tun kafin gari ya waye aka buga min ƙofa, na je na tarar da layi guda ruwa iya gwiwa, wata baiwar Allah tana tsaye a bakin ƙofarta riƙe da katifa ta rasa inda zata ajiye ta, an jera littattafan yara a kan katanga duk sun jiƙe tawada ta zube, masai ya cika ya haɗe da ruwan tsakar gida. Mutane suka yi min caa, Honarabul kwata muke so, Honarabul ku kawo mana kwalbati. Sai wani dattijo cikin asalin manoman wurin ya ja hannuna gefe, ya ɗaga sandarsa ya nuna min, yace yaro tun ina ƙarami ruwan nan daga can yake gangarowa ya bi ta nan ya faɗa rafi, bai taɓa sauya hanya ba. Na bi sandar da ido, gida uku ne a jere a kan hanyar da ya nuna, da siminti da kwano da mutane a ciki, kowa da takardar cinikinsa da sa hannun shaidu. To faɗa min, kwatar ta ina zata bi? Injiniyan sashen ayyuka da na kawo washegari abin da ya faɗa kenan, yace ko an ba shi kuɗin yau sai an rushe gida kafin ruwa ya samu mafita, kuma wa zai biya diyya. Wallahi ranar na koma gida jikina a sanyaye, dan mutanen da ke cikin gidajen nan ba su yi laifin komai ba, guminsu suka tara suka saya.

Kuma ba wai doka bata yi magana ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta raba abin gida biyu, ƙasar da gwamna ya ayyana a matsayin birni tana hannunsa, wadda bata cikin birni kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka irin na gargajiya, na noma ko na zama, har dokar ta sa mata iyaka, kada ta ba mutum ɗaya sama da hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo sai da yardar gwamna. Sashe na 36 ma cewa yayi gonar da ke wajen birni wadda mutum ke riƙe da ita tun kafin dokar ba a yanka ta fuloti-fuloti. Ka ji abin da ke rubuce, ka kuma ga abin da ke faruwa a ƙasa. Matsalar irin yankinku ita ce kun faɗa tsakiya, a takarda wani lokacin an daɗe da shata ku cikin birni dan haka sakatariyar ƙaramar hukuma zata ce ba huruminta bane ku je hukumar tsara birane ta jiha, ita kuma hukumar jiha ma'aikatanta ba sa isowa nan sai gini ya kai linta su zo su shafa jan fenti su tafi. Tsakanin wannan da wancan sai dillali ya zama shine mai tsara gari.

Yanzu aikin kansila. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar ƙaramin gwamna ne a mazaɓarsa, alhali shi ɗan majalisa ne, irin na jiha ko na tarayya amma a matakin ƙasa. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, mazaɓu kuma a lissafin hukumar zaɓe ta ƙasa INEC 8,809, in ka raba zaka ga kowace ƙaramar hukuma tana da sha ɗaya ko sha biyu a matsakaici, kowace mazaɓa kansila ɗaya. Aikinsu su zauna su yi dokokin cikin gida, su duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo su amince ko su gyara, su sa ido kan yadda aka kashe, sannan kowa ya kawo kukan mutanensa. Shikenan. Kansila baya ba da kwangila, baya sa hannu a cek, bashi da asusu, bashi da gireda. Kada ka haɗa shi da kansila mai gafaka, shi wancan ciyaman ne ke naɗa shi ya riƙe wani sashe kamar lafiya ko ayyuka ko noma, ba zaɓarsa aka yi ba. Wa'adi ma ba ɗaya bane, majalisar dokokin kowace jiha ce ke yankewa, wasu shekara biyu wasu uku wasu huɗu, zaɓen kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke yi, ita INEC na ƙananan hukumomin Abuja kaɗai take yi.

Ita ƙaramar hukumar kanta, in ka buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 zaka ga an lissafa mata aiki da sunansa, kasuwanni, tashar mota, mahauta, bayan gida na jama'a, maƙabarta, hanyoyin cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi, kwashe shara, sa wa tituna suna da lambar gidaje, sannan ta haɗa hannu da jiha a kan firamare da lafiya da noma. Kaga kenan kwatar layinku da jujinku da maƙabartarku ba alfarma kuke nema ba, aikinta ne a rubuce. Ka riƙe wannan da kyau dan in ka je sakatariya ka san da wace murya zaka yi magana.

To ina kuɗin? Nan ne inda mutane ke cewa ƙarya muke in mun ce babu. Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari, daga harajin VAT kuma kashi 35, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 adadin da ake rabawa a takarda ya ƙaru sosai. Sai dai sashe na 162 na kundin ya ce a buɗe asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuɗin can yake fara sauka, a cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu da ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, abin da ya rage shi ke isowa sakatariya, wani watan in an biya albashi an sayi man janareta magana ta ƙare. Na sha zama a majalisa mu amince da kasafi mai kyau, da kwalbatocin mazaɓata a ciki da lambarsu, shekara ta ƙare ba a saki ko sisi a kansu ba, kuma ni ne zan koma in kalli idon mutanen da na ce wa an sa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36, tace a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa sashe na 7 na kundin tsarin mulki. Na yi murna da hukuncin nan har raina, amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, kuma ko an aiwatar gaba ɗaya in jama'a basu sa ido ba to wurin ɓatan kuɗin ne kawai zai sauya, ya tashi daga babban birnin jiha ya dawo sakatariya. Abin da mutane basu sani ba shine kason kowace ƙaramar hukuma na kowane wata ana wallafa shi, hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana sa shi a intanet, da wayarka zaka iya ganin nawa aka rubuta wa taku.

Akwai kuma wani zalunci da lissafi ke yi wa yankuna irin naku wanda ba a cika faɗa ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe 2006 aka yi ta, adadin ƙananan hukumomi kuma tun 1996 yake 774 bai motsa ba. A 2006 unguwarku gonaki ce da 'yan gidaje tsilli-tsilli, yau dubban mutane ne, amma duk wani tsari na gwamnati, yawan azuzuwa, yawan ma'aikatan asibiti, yawan allurar rigakafin da za a turo, daga wancan tsohon hoton ake hasashensa. Shi yasa zaka ga sha-ka-tafi mai ɗaki biyu da aka gina wa ƙauye yau ita ke ɗauke da jama'ar da ta kai ta wani garin, mata masu awon ciki a zaune a ƙasa har waje, ma'aikaciya ɗaya ita ce mai kati ita ce mai allura ita ce mai karɓar haihuwa.

Sannan in faɗa maka wata gaskiya da ta shafe ku ku sabbin zuwa, kada ka ji haushi. Yawancinku katin zaɓenku yana tsohuwar unguwar da kuka baro a cikin gari. Ranar zaɓe unguwarku fayau, kowa ya tafi can ya jefa ƙuri'a, akwatin da ke kusa da ku asalin 'yan ƙauyen ne kaɗai ke cika shi. Ɗan siyasa kuma da sakamakon akwati yake lissafi, in ya duba ya ga gidaje dubu amma ƙuri'a 'yar kaɗan to rijiyar burtsatsen da ya samo can cikin tsohon ƙauyen zai kai ta, ni kaina na fuskanci wannan matsin daga mutanen da suka tsaya min. INEC tana ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum ya koma duk lokacin da aka buɗe rajistar masu zaɓe, kuma a 2021 ta ƙara rumfuna suka kai 176,846, da yawa daga cikin sababbin a irin unguwanninku aka sa su, wasu har yau mutanen da ke cikinsu basu taka kara sun karya ba. In kuka dawo da katinku gida, ko baku ce komai ba za a fara ɗaukar wayarku.

Maganar tiransifoma ba zan daɗe a kanta ba. Tun da aka sayar da harkar rarraba wuta a 2013 tiransifoma da turaku da waya haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne, ba na ƙaramar hukuma ba, abin da kansila zai iya shine ya rubuta ya bi sawu ya ja ɗan majalisar jiha ko na tarayya su sa baki. In kuka yi karo-karo kuka saya da kanku to ku tabbata an yi rubutu da kamfanin kafin a ɗora, kuma ku fara samun inda za a dasa ta, dan na ga tiransifoma sabuwa ta yi wata da watanni a ajiye saboda kowa yace ba a ƙofar gidansa ba. Ka ga mun sake dawowa kan fili.

Makaranta ma haka. Ginin firamare yawanci ta hannun SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, yake zuwa da kuɗin da jiha da tarayya ke haɗawa ƙarƙashin dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shi ke tura buƙata. Abu na farko da zasu tambaya shine kuna da fili? Na taɓa samun gurbin azuzuwa, na zaga wata sabuwar unguwa kwana da kwanaki ni da mai unguwa muna neman inda za a sa, babu, duk an yanka an sayar, wanda ya rage mai shi ya sa masa kuɗin da sakatariya bata da shi, ina ji ina gani aka ɗauke aikin aka kai wata mazaɓar da dagacinsu ya daɗe da killace fili. Yaran unguwar nan har na sauka suna tsallaka babban titi suna zuwa makaranta, kuma duk sanda na ga ƙanana riƙe da hannun juna a bakin kwalta suna jiran tirela ta wuce sai gabana ya faɗi. A ɓangaren lafiya kuma ka nemi sanin kwamitin cigaban mazaɓarku, dan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya saboda lafiya a matakin farko, ana tura wani kaso kai tsaye zuwa asibitin da aka zaɓa, manufar ita ce aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa, kuma wannan kwamitin yana da baki a yadda ake kashewa. Mutane basu damu da shiga ba, sai a bar wa mutum biyu uku.

Kada kuma ka manta da waɗanda kuka tarar. Manomin da bai sayar da gonarsa ba yanzu gidaje sun kewaye shi, yara na ratsa masa shuka, ana zuba masa shara da leda a bakin gona, awakin unguwa na shiga. Makiyayi kuma burtalin da kakanninsa ke bi zuwa mashaya an toshe shi da bulo, dole ya koro shanu ta cikin layi ko ta gonar wani, daga nan sai faɗa, alhali tun dokar wuraren kiwo ta 1965 ta tsohuwar Jihar Arewa an san da labi da burtali. Rabin zaman sulhun da na yi a gidan dagaci a kan wannan ne. Ga masu tifa da ke ɗibar yashi da jar ƙasa a bayan gari saboda gine-ginenku, sun farfasa 'yar hanyar burjin da ake da ita, sun bar ramuka da ke cika da ruwa yara na faɗawa, zaizaya na cin gonaki. Ga kangwaye da ba a ƙarasa ba sun zama maɓoyar masu shaye-shaye da ƙwacen waya, ofishin 'yan sanda kuma yana nesa, sai 'yan sintiri da ku kuke biya. A tsohon ƙauye kowa ya san kowa, baƙo in ya shigo kafin yamma mai unguwa ya ji, a sabuwar unguwa kuwa mutum zai shekara bai san sunan wanda suke katanga ɗaya ba.

Kansilanku da baya ɗaukar waya, ba zan kare shi ba, wanda ya nemi ƙuri'ar mutane gida-gida bashi da hujjar ɓuya. Amma bari in nuna maka abin da ke cikin wayar. Kafin in fito da safe mutane na zaune a ƙofar gida, wannan takardar magani, wannan kuɗin makarantar yaro, wannan an kama ɗansa, wannan haya ta ƙare, kuma duk gaskiya suke faɗa, babu mai wasa a cikinsu. Albashin kansila ko an raba shi gaba ɗaya baya kai sati. Cikin kira ɗari da wuya ka samu biyar da suke kan abin da ya shafi unguwa gaba ɗaya. A hankali sai kansila ya koyi abu biyu marasa kyau, ko ya kashe waya, ko ya zama ɗan maula a ofishin ciyaman dan ya samu abin rabawa, kuma ranar da ka fara karɓa a hannun ciyaman ranar ka daina iya tambayarsa ina kuɗin kwalbati, alhali tambayar nan ita ce ainihin aikin da aka zaɓe ka ka yi. Wannan shi ya kashe majalisun kansiloli da yawa, kuma mu da jama'a duk muna da hannu.

Dan haka in kuna son ku ci moriyarsa ku canza irin abin da kuke kai masa. Ku kafa ƙungiyar unguwa ta gaske, da tsoffin mazauna da sabbi, da mata a ciki dan su suka fi kowa sanin inda ruwa da asibiti ke ciwo, ku yi mata rajista a sashen walwalar jama'a na sakatariya. Ku zaɓi abu ɗaya ko biyu, kada ku kai goma. Ku rubuta takarda zuwa ga ciyaman ta hannun kansila, mai unguwa da dagaci su sa hannu, ku haɗa da hotunan ranar da aka yi ruwa, ku yi kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe, dan maganar baki a sakatariya iska ce amma takarda mai hatimi ko an sauya ciyaman tana nan. Ku kai kafin ƙarshen shekara lokacin da ake haɗa kasafi, in kuka bari sai ruwa ya shiga ɗaki a Agusta to an riga an rufe littafi. Sannan ku ce wa kansila ya gabatar da shi a zauren majalisa a rubuta a kundin zama, ku tambaye shi ranar, ku tura mutum biyu su je su zauna su ji. Wannan yana cikin ikonsa ɗari bisa ɗari, baya buƙatar ko kwabo, in ya ƙi yi to kun san irin wanda kuka zaɓa.

Amma abin da nake roƙonku da shi, wanda in da zan koma kujerar shi zan fara tun ranar farko, ku tashi yanzu ku zaga bayan unguwarku ku ga gonakin da ba a yanka ba tukunna. Ku ɗauki dattawan manoman wurin su nuna muku hanyar ruwa da burtali da kududdufi tun suna raye, a kafa alamar siminti, a rubuta, dagaci da hakimi su shaida, a kai kwafi sashen filaye na ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane. Ku zauna da magada da dillalai kafin igiya ta sauka, a yi yarjejeniya cewa duk gonar da za a yanka sai an bar hanya mai faɗin da motar kashe gobara zata shiga, kuma layinta ya haɗu da na maƙwabciyarta, kansila ya kai wannan majalisa a mayar da shi dokar ƙaramar hukuma dan kada ya tsaya a alfarma. Filin makaranta da na maƙabarta kuwa in babu mai bayarwa ku yi karo-karo ku saya tun yana gona, a rubuta shi da sunan al'umma ba da sunan shugaban ƙungiya ba, ku kewaye shi ko da itatuwa ne, ku sa allo. A wani ɓangare na mazaɓata mun samu mun yi haka da gona ɗaya tak, mai ita dattijo ne ya yarda ya rage mana, mutane har suna cewa me za a yi da fili a cikin daji. Yau gidaje sun wuce wurin da nisa, kuma a nan aka sa azuzuwa da rijiyar burtsatse da aka samo daga baya.

Naka gidan kuma, kafin damina mai zuwa ka samu injiniyan sashen ayyuka ko wani mai awo ya zo ya duba gangaren layinku tun daga sama har inda ruwan ke son fita, dan in kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa ya cika gabansa da ƙasa ruwan gidan na ƙasa da ku kawai kuke turawa. Wani lokacin mafitar bata wuce maƙwabci ɗaya ya yarda a ratsa bututu ta gefen katangarsa ba, kuma irin wannan zaman, a tara mutum biyar a gaban mai unguwa a roƙi ɗaya, shine wurin da kansila ya fi amfani. Ka je gidansa da sassafe ku uku ko huɗu da takardarku a hannu, ka fara gaya masa cewa ba kuɗi kuka zo nema ba, ku ce ya sa muku ranar da zai zo ya taka layin da ƙafarsa.